Ido Ba Ya Tafiya, Fizga Yake Yi

Ranar wata Asabar mun shiga mota a tashar Unguwa Uku za mu Zariya, mu huɗu 'yan aji ɗaya, dukkanmu ɗaliban nazarin yadda sassan jiki ke aiki. Kusa da taga akwai wata yarinya 'yar kimanin shekara takwas tare da mahaifiyarta, ta jingina kai da gilashi tana kallon waje. Da mota ta fita daga cunkoso ta ɗauki hanya, sai ɗayanmu ya zunguri na kusa da shi ya ce, "Kai, dubi idon yarinyar nan." Ƙwayar idonta tana bin sandar wuta a hankali har sandar ta kusa wucewa, sai fit, ta dawo gaba ta kama wata. A hankali, fit. A hankali, fit. Yarinyar ba ta ma san tana yi ba. Mahaifiyar ta lura muna kallon 'yarta, ta ɗaure fuska, dole muka ce, "Hajiya yi haƙuri, lafiyarta ƙalau, karatunmu ne muka gani a zahiri." Ta ce, "To Allah ya taimaka, amma ku daina ƙura mata ido."

Wannan "fit" ɗin shi ne batunmu na yau, ƙannenmu. Kafin ku ci gaba, ku nemi madubi. Ku kalli idonku na dama, sannan na hagu, ku yi ta sauyawa. Ba za ku taɓa kama idonku yana motsi ba. Amma ku sa wani ya tsaya gefe ya kalle ku, zai ga ƙwayar idon tana tsalle ƙarara. Wato sau da yawa a kowane minti, idonku na yin wani abu da ku masu idon ba ku gani.

A ƙarshen shekarun 1870, a ɗakin binciken wani likitan ido Bafaranshe mai suna Émile Javal, aka lura cewa idon mai karatu ba ya bin layi sumul kamar yadda kowa ya ɗauka. Tsalle yake yi, ya tsaya, ya sake tsalle. Suka kira abin da kalmar Faransanci "sakad", wadda asalinta fizgar linzamin doki ce. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya ga yadda mahayi ke fizgar linzami kan doki ya juya nan take. Shi ya sa a wannan rubutu za mu ce masa fizgar ido.

Mutum kan yi fizga kamar sau uku a kowane sakan. Ku ɗauki biro ku lissafa: uku sau 60, sau 60, sau awa 16 da kuke a farke. Za ku samu 172,800. Zuciya kuwa, in tana bugawa sau 70 a minti, kimanin 100,000 take yi dare da rana. Ashe ido ya fi zuciya kai-komo. Gudun babbar fizga na iya wuce digiri 500 a sakan, alhali cikakken zagaye digiri 360 ne. Wannan na cikin motsin da suka fi sauri a jikin mutum.

Me ya kawo wannan gaggawa? A bayan ƙwayar ido akwai shimfiɗa mai karɓar haske da ake kira ratina, kuma ɗan gurbi ɗaya ne kawai a tsakiyarta yake gani tar. Ku miƙa hannu ku kalli farcen babban yatsanku: kusan iya faɗinsa ke nan abin da kuke gani sosai a lokaci guda, sauran duk dishi-dishi ne. In kuna musu, ku kafa ido a kan kalma ɗaya a wannan layin, ku gwada karanta ta biyar daga gare ta ba tare da kun motsa ido ba. Don haka dole a riƙa kai wannan ɗan gurbin kan duk abin da ake son gani. Amma in aka kai shi a hankali, hoton zai dame, kamar hoton waya in hannu na rawa. Mafita ita ce a yi tafiyar da matuƙar sauri, a tsaya cak kamar rubu'in sakan a ɗauki hoto, a sake fizga. A lokacin fizgar kuma ƙwaƙwalwa na rage karɓar abin da ido ke aiko mata, sannan ta haɗa hotunan ta ba ku duniya a tsaye. Dalilin da ya sa madubi ya kasa nuna muku ke nan.

Gidan bene mai hawa uku

Kowane ido yana da tsoka shida da ke jan sa, kuma jijiyoyi uku ne ke kai musu umarni: ta uku, ta huɗu da ta shida a cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga cikin kai. Dukkan ukun daga wuri ɗaya suke tasowa, wato kututturen ƙwaƙwalwa. Shi ne ɓangaren da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, can a gindin ƙoƙon kai, kaurinsa kamar babban yatsa. Ku ɗauke shi kamar bene mai hawa uku. Hawan ƙasa shi ne medula da kuka sani a darasin Bayoloji, mai kula da numfashi da bugun zuciya. Na tsakiya sunansa fons, wato "gada" da harshen Latin. Sai hawan sama. Ku riƙe wannan: fizgar dama da hagu a gada ake haɗa ta, ta sama da ƙasa kuma a hawan sama. Za mu dawo kan muhimmancin wannan rabon.

Ƙwayoyin jijiya ba sa magana sai da ɗan tartsatsin lantarki, kuma yawan tartsatsin a sakan shi ne ƙarfin maganar. Masu bincike sun gano ƙungiya uku na irin waɗannan ƙwayoyi a kututture da ke haɗa fizga. Mu a ajinmu, don kada mu manta ranar jarrabawa, muka sa musu suna 'yan totur, 'yan birki da 'yan riƙo.

'Yan totur shiru suke yi muddin ido na tsaye. Ana saura ƙiris ido ya tashi, sai su ɓarke da tartsatsi, a jikin biri har kusan sau 1,000 a sakan, kuma su yi tsit daidai lokacin da ido ya kusa isa. Na ɓangaren dama suna jan ido dama, na hagu suna jan sa hagu. Suna da abokan aiki da ke aika wa tsokar ɗaya ɓangaren saƙon "saki", don kada tsoka biyu su yi ta ja-in-ja da ƙwayar ido. Akwai kuma wata igiyar jijiya da ke ɗaukar saƙon daga wannan ido zuwa wancan, shi ya sa idanun mutum biyu ke tashi tare su sauka tare.

'Yan birki su ne suka fi ba mu mamaki, domin aikinsu a juye yake. Suna daidai tsakiyar gada, kuma ba sa hutawa: suna ta harba tartsatsi fiye da sau 100 a sakan, duk don su danne 'yan totur. Sai in za a yi fizga, ko ta wace fuska ce, su yi shiru na ɗan ƙyaftawa, totur ya tashi, su sake takawa. Wato idonku kamar adaidaita sahu ne da direbanta ya riga ya murɗa totur, birki kaɗai ke riƙe da ita a bakin danja. Wani mai bincike a Amurka, Edward Keller, ya yi bayanin waɗannan ƙwayoyi a jikin biri a shekarun 1970. An kuma gwada tsokanar su da ɗan lantarki ana tsakiyar fizga, sai ido ya tsaya cak a hanya. Da aka sake su, ya ƙarasa inda ya nufa tun farko.

Saura 'yan riƙo. Ƙwayar ido na zaune ne cikin kitse da nama masu ja da baya kamar danƙo, kullum suna son mayar da ita tsakiya. Ku tuna mai kurar ruwa a kan gangara: sai ya yi yunƙuri mai ƙarfi kafin kura ta hau, in ta hau kuma sai ya ci gaba da tokare ta, in ba haka ba ta gangaro. Yunƙurin na 'yan totur ne, tokarewar ta 'yan riƙo. Amma ta yaya suke sanin iya ƙarfin da za su tokare da shi? Lissafi suke yi, irin wanda kuke yi a Fiziks: gudu sau lokaci ya ba da nisa. Suna sauraron yadda totur ya yi ƙarfi da tsawon lokacin da ya ɗauka, su fitar da inda ido ya kai. Mutumin da ya fi kowa fito da wannan bayani, David Robinson na Jami'ar Johns Hopkins, ba likita ba ne, injiniyan lantarki ne. (Masu cewa za su karanta likitanci don su tsere wa lissafi, ga naku nan.) A 1987 shi da Stephen Cannon suka kashe aikin wannan wuri a jikin birai. Ido ya ci gaba da fizga zuwa gefe yadda ya saba, amma ya kasa tsayawa a can, sai ya riƙa sulalowa tsakiya.

Abin lura shi ne ba ku da iko da gudun fizga. Za ku iya zaɓar inda za ku kalla, amma ba za ku iya ce wa ido ya je a hankali ba. Ku ɗaga manyan yatsunku biyu nesa da juna, ku gwada kai ido daga wannan zuwa wancan sannu a hankali, abokinku na kallo. Zai ga ƙananan tsalle-tsalle ne kawai. Amma in ya motsa biro a gabanku kuka bi shi, ido zai tafi sumul, don wannan wata hanya ce daban. Yarinyar cikin mota hanyoyin biyu take haɗawa: bin sanda sumul, dawowa da fizga.

Wa ke ba da umarnin inda za a kalla? In da niyya kuka yi, daga saman ƙwaƙwalwa saƙon ke saukowa. Amma akwai wasu 'yan tuddai biyu a bayan hawan sama na kututture, ɗaya dama ɗaya hagu, da ke ɗauke da taswirar duk abin da ke gabanku. Robinson ya nuna a 1972 cewa in aka taɓa wani ɗigo a taswirar da lantarki, idon biri zai yi fizga mai tsawo kaza zuwa fuska kaza, a taɓa wani ɗigon a samu wata. Sauti ma na shiga wannan taswira. Shi ya sa in aka danna hon a bayanku a shataletale, ido da kai sun riga sun juya kafin ku yi tunanin juyawa.

Kaza, mujiya da hawainiya

Ba sai kun je gidan zu ba kafin ku ga wannan a jikin dabbobi. Ku leƙa wurin masu kaji a kasuwar Tarauni, ko ma tsakar gidanku. Kaza in tana tafiya sai a ga kamar kanta na gaba yana baya. Ba ya komawa baya. Tsayawa yake yi cak a wuri ɗaya jiki ya taho ya same shi, sannan ya yi wuf gaba ya sake tsayawa. Idon tsuntsu babba ne, ya cika gurbinsa, ba ya juyawa da yawa, don haka wuya ne ke ɗaukar yawancin aikin fizga da tsayawa. A 1978 wani masani a Kanada, Barrie Frost, ya ɗora tattabaru a kan bel mai tafiya irin na motsa jiki. Da gudun tattabara ya zo daidai da na bel, duniya ta daina wucewa a idonta, sai ta daina kaɗa kai. In kun riƙe kaza da hannu biyu kuka juya jikinta a hankali, za ku ga kan ya kafe a sarari kamar an rataye shi.

Mujiya, wadda mutanenmu suka ɗora wa karan tsana ba gaira ba dalili, ta fi kaza ma. Idonta kusan a kafe yake, sai ta rama da wuya mai juyawa har digiri 270. Bincike a kan mujiya a Jami'ar Stanford a 1990 ya nuna cewa ita ma hanyar da ke fizgar kanta gefe daban take da mai fizgar sa sama da ƙasa, irin rabon da ke cikin kututturenmu. Hawainiya kuwa kowane ido fizgarsa yake yi, ɗaya na duba gaba ɗaya na duba baya, sai ta hango ƙwaro sannan ta haɗa su biyun a kansa kafin ta harba harshe. Su kuma awakin da kuke gani a 'Yan Awaki, idanunsu a gefen kai suke, baƙin idon a kwance kamar ramin asusu, suna ganin fili mai faɗi lokaci guda, don haka ba sa buƙatar yawan fizga irin tamu.

Gaskiya ita ce yawancin abin da muka faɗa a sama daga birai da kyanwoyi aka koyo shi, ta hanyar zura waya mai siririn tsini cikin kututture a saurari ƙwaya ɗaya tana tartsatsi. Mun yi gardama a kan wannan a aji, kuma ba mu ga laifin wanda abin ya sosa wa rai ba. Yau masu bincike da yawa sun koma kan 'ya'yan wani ɗan kifi mai zane a jiki, waɗanda jikinsu garai yake kamar gilashi, ana iya kallon ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu na aiki ta madubin ƙara girma kifin na raye yana fizgar ido.

In injin ya samu matsala

A watan Disamba na 1995, editan mujallar Elle ta Faransa, Jean-Dominique Bauby, ya samu shanyewar jiki da ta taɓa kututturen ƙwaƙwalwarsa. Ya farfaɗo hankalinsa garau, amma ba hannu, ba ƙafa, ba magana. Da ƙyafta fatar idonsa na hagu ya riƙa zaɓar harafi ɗaya bayan ɗaya har aka rubuta littafi guda, wanda ya fito a Maris 1997, kwana biyu kafin rasuwarsa. A irin wannan larura gada ce ke lalacewa, hawan sama ya tsira. Shi ya sa masu ita galibi ba sa iya kallon gefe, amma suna iya kallon sama da ƙasa, kuma likita kan ce wa irin wannan majinyaci, "In kana ji na, kalli sama."

Ba sai an je Faransa ba. Wani dattijo a layinmu, mai fama da hawan jini, ya tashi da safe yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ga jiri, ga harshe ya yi nauyi. Aka ce ciwon ido ne, aka sa masa tozali, aka ce ya huta. Sai bayan kwana biyu aka kai shi asibiti, inda aka ce jini ne ya toshe a wata 'yar hanya a kututture. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau da sanda yake tafiya. Lokacin muna sakandare, ba mu san komai ba. Ku yanzu kun sani: in Baba ko Kaka suka fara ganin biyu-biyu farat ɗaya, ko ido ɗaya ya ƙi bin ɗan uwansa, musamman tare da jiri, tangaɗi ko nauyin baki, ba maganar ɗigon ido ba ce. A tafi asibiti a wannan sa'ar, domin sa'o'in farko su ne masu tsada. Mu da ke Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya kusa da mu.

Akwai kuma yaran da tun suna jarirai idonsu ke rawa ba tsayawa, abin da aka fi gani a wajen zabiya. Ba iska ba ce, ba kuma rashin gaskiya ba ne ya hana su tsayar da ido. Ɗan gurbin nan mai gani tar ne bai gama ƙosawa ba, don haka injin ya rasa abin da zai kafe a kai. In akwai irinsu a ajinku, abin da suke buƙata shi ne kujerar gaba, ba tsokana ba.

Giya da ƙwayoyin sa barci irin su dayazifam suna rage gudun fizga, suna kuma raunana 'yan riƙo har ido ya riƙa sulalowa in an kalli gefe. Gajiya da rashin barci ma na rage gudun. Ko da lafiyayyen mutum, daga bayyanar abu zuwa tashin ido kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a sakan, wato ta wuce mita biyar kafin idon direba ma ya isa kan akuyar da ta faɗo titi, balle ƙafa ta nemi birki. Haka in za ku tsallaka titin Zariya, waiwaye ɗaya na shuuu daga dama zuwa hagu bai isa ba. Abin da ya faɗa tsakanin fizga da fizga, kamar babur, zai iya kuɓuce muku. Ku tsayar da ido a kowane ɓangare, nesa da kusa.

Da dare ma injin ba ya kwana gaba ɗaya. In gyangyaɗi ya fara ɗibar mutum, 'yan birki kan yi shiru, ido ya riƙa yawo a hankali ba saiti. Ku dubi na kusa da ku a darasin bayan azahar. Can cikin barci kuma sai wani zango ya zo da ido ke fizge-fizge a ƙarƙashin fata. Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka bayyana shi a Jami'ar Chicago a 1953, kuma yawancin waɗanda aka tasa a lokacin sun ce mafarki suke yi. Bayan 'yan shekaru Michel Jouvet, a birnin Lyon na Faransa, ya nuna a jikin kyanwoyi cewa daga gada wannan zango ke tasowa. In kuna da mage a gida, ku jira ta yi nisa da barci a inuwa, ku matsa a hankali. Za ku ga gashin bakinta na motsi, tafin ƙafa na ɗan zillo, ƙwayar ido kuma na kai-komo a ƙarƙashin fata.